Irin da Yaya Ya Shanya

Matso nan kusa, kada ka tsaya daga bakin ƙofa. Maganar cikin gida ce zan yi, ba ta buƙatar ɗaga murya, amma ban yi maka alkawarin ba zan ɗaga ba, domin har yau in na tuna sai in ji ƙirjina yana tafasa.

Ni haifaffiyar Beli ce ta ƙasar Rogo, aure ne ya kawo ni Kurugu. Ba ni da yawan fita. Awara nake yi a gida: in jiƙa waken suya, a kai niƙa, in tace, in ɗora a wuta, in zuba ruwan tsami, kafin la'asar an saye. Dusar kuma ta awakina ce. Duniyata ba ta wuce tsakar gidan nan ba, sai rediyo, sai abin da kunnena ya tsinto. Kunne kam Allah ya ba ni. Maigidana yakan ce ko sauro ya yi gulma a zaure sai na ji sunan wanda ya ambata.

Da Baba ya rasu ya bar mana gona ɗaya a gefen fadama, ta sama-sama inda ruwa ba ya kwanciya. Mu biyu ne kaɗai 'ya'yansa da suka rayu, ni da yayana. Ba a raba ta ba. Yaya ya ce gonar ba ta da girman da za a tsaga, a bar ta a hannunsa, in an yi girbi ya aiko mini da rabona. Na ce to. Ina ni ina jayayya da mutumin da ya tsaya a kan aurena?

Gonar nan na san ta tun ina bin Baba da ƙwaryar iri a kai. Ƙasa ce baƙa, mai laushi, in ka sa fartanya sai ka ga tana tana mutsu-mutsu. Duk rani Baba sai ya kwashe takin awaki da sharar gida a mangala, jaki ya yi ta jigila, ya tula shi tsibi-tsibi a gona ya jira ruwa. Gyaɗa yake yi da wake, bana wannan gefe, baɗi wancan. In ya tuge gyaɗa sai ya karkaɗe ƙasar saiwar a nan inda ya tuge, ba ya yarda a kai ta gida. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Yaya shi kuwa da gonar ta zo hannunsa sai ya ba masu noman rani haya. Suka buga rijiya, suka kafa injin ban ruwa. Ruwan rijiyar zartsi ne, ko su da kansu ba sa sha, jarka suke zuwa da ita daga gari. Amma shi suka yi ta ɗura wa gonar, tumatir ya tashi albasa ta shiga, albasa ta tashi tattasai ya shiga, takin zamani buhu a kan buhu, ba hutu, ba ko kwandon takin dabba. Shekaru suka tafi a haka. Ranar da gonar ta daina ba su abin da suke so, suka ɗauke injinsu suka yi gaba, ko sallama.

Wani suna ne ya kai ni Beli, na ce bari in leƙa gonar Baba. Wallahi da ban san iyakarta ba da na ce ɓata hanya na yi. Fari fat, kamar an barbaɗa garin rogo. In ka taka sai ka ji ɓawo yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminka. Awakin mutane sun taru suna lasar ƙasa. Na dangwala yatsa na kai baki, na ji kanwa-kanwa, gishiri-gishiri. Can gefe ga karan masarar da Yaya ya gwada da damina, ba wanda ya wuce gwiwata, ganyen duk ya ƙone tun daga baki.

Na koma gida na same shi a tsakar gida yana alwala. Na jira ya gama, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da gajiyar hanya, na tambayi jiki da iyali. Sannan na ce, “Yaya, na je gona.”

“Kin gano gawa ke nan,” in ji shi. “Gonar nan ta mutu, Auta. Dama ina son mu yi magana. Masu tifa sun zo, suna son ƙasar ciko, sun ce kuma akwai yashi mai kyau a ƙarƙashi. Gara a ci moriyarta da a bar wa awaki.”

“Su haƙe ta? Ta zama kududdufi?”

“To me za ki yi da ita? Miya za ki kaɗa da kanwar?”

Matarsa ta yi dariya daga madafa, ba don mugunta ba, ita dama komai dariya yake ba ta. Ni ban yi ba. Na ce ya dakata, kada ya ba su baki tukuna. Ya ce ya ji. Na dawo Kurugu ban san abin da zan yi ba, illa dai na san in tifa ta shiga gonar nan shi ke nan. Gonar da kanwa ta ci tana nan a wurinta ana kallonta, amma wadda aka kwashe aka kai birni aka yi ciko da ita ba mai sake ganinta.

Ana nan rani ya yi nisa, sai wani malamin gona ya zo garinmu zai yi wa manoma bayani. Zaurenmu babba ne kuma yana da sanyi, nan aka shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya ce a kira mata, ko da yake rabin waken suyar da ake nomawa a garin nan a tukwanenmu yake ƙarewa. Ni dai wurin tatata yana jikin bangon zaure. Na jawo kujerata na zauna da ƙullu a gabana, hannu yana aiki kunne yana can.

Na ji ya ce ya zo da wata baƙar hoda a leda, kamar garin gawayi, amma ba taki ba ce kuma ba maganin ƙwari ba ce. Ya ce abu ne mai rai. Wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, irin waɗanda ake kira ƙwayoyin bakteriya.

Wani dattijo ya katse shi. “Malam, ƙwayar cuta za mu saya mu zuba a gona? Ta gidajenmu ba ta ishe mu ba?”

Zaure ya ɗauki dariya. Malamin ya jira suka gama, ya ce ba dukansu ne na cuta ba. Ya ce, wa ke mayar da madara kindirmo? Ai ɗan tsohon nonon da ake ɗigawa a cikin sabuwar madara, akwai masu rai a cikinsa, su ke aikin. Ya ce haka ƙasa mai lafiya take, cike take da irinsu. Wasu suna shiga saiwar wake da gyaɗa su yi 'yan gudaji, su zauna a ciki suna samo wa shuka abinci daga iska. In gishiri ya yi wa ƙasa yawa, shuka tana tsaye a cikin danshi amma ta kasa sha, kamar mai ƙishirwa da aka miƙa wa ruwan kanwa. Saiwa ta takure, ganye ya ƙone, su ma waɗannan halittun su ragu. Ya ce waɗanda ke cikin ledar an zaɓo masu juriya ne. Ba sa cinye gishirin, kada wani ya je ya ce shi ya faɗi haka. Abin da suke yi shi ne su taimaki saiwa ta yi tsawo ta yi gashi, su yi mata wani yauƙi-yauƙi da ke rage mata zafin gishirin, su ciyar da ita har ta iya jurewa. Sai an haɗa da takin dabba, an yi wa ruwan sama hanya ya wanke ya fita, an kuma sassauta takin zamani.

Na saki abin tata a cikin ƙullu. Bayanin gonar Baba yake yi kamar ya taɓa zuwa.

“To shi takin zamanin yaushe za a kawo?” in ji wani.

“Wannan ɗin kyauta ne ko na kuɗi?” in ji wani kuma.

A cikin wannan hayaniya ya faɗi abin da ya fi komai, kuma na rantse ba mutum uku da suka ji shi a zauren nan. Ya ce tunda mai rai ne, rana tana kashe shi. A ajiye ledar a wuri mai sanyi. Ranar da za a yi shuka a ɗan jiƙa iri da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa hodar, a cakuɗa, a bar shi ya sha iska a inuwa, a inuwa fa, sannan a shuka shi a ranar cikin ƙasa mai danshi. Kada a haɗa shi da toka, kada a haɗa shi da maganin ƙwari.

Aka raba ledoji aka watse. Ta kafar ƙofa na hango wani ya cusa tasa a cikin hula ya kifa a ka, wani ya ɗaure tasa a bayan babur a tsakiyar rana. Maigidana ya shigo da tasa yana juya ta kamar an ba shi ajiyar da bai nema ba. Na karɓe kafin ya ajiye ta a kan katanga. Na tona jiƙaƙƙen yashin gindin randa na binne ta a nan.

“Mai awara, me za ki yi da ita?”

“Gonar Baba.”

Ya dube ni ya ce, “Allah ya ba da sa'a. Amma kin san yayanki.”

Na kira Yaya a waya na zayyana masa duk abin da na ji. Na ce damina ɗaya nake roƙo. Ni zan sayi irin waken suya, ni zan aiko da takin awakina da na tara, shi nasa ya yi huɗa ya fitar wa ruwa hanya ya shuka. In waken ya yi, ko rabi-rabi ne, a bar gonar a ci gaba da jinyarta. In bai yi ba na rufe bakina. Ya ce, “To, Auta, tunda kin nace. Damina ɗaya.” Na ji daɗin wannan “to” ɗin har na ƙara wa masu sayen awara gyara ranar.

Ruwa ya zauna. Aka kai takin a amalanke, matar Yaya ta tabbatar mini an watsa an yi huɗa. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na tono ledata. Na jiƙa ƙaro, na yayyafa wa irin a babbar ƙwarya, na barbaɗa hodar ina juyawa a hankali kada fatar waken ta saɓule, har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. Na baza shi a tabarma a cikin ɗakina, na kore kaji, na tsare shi kamar mai jego. Da ya sha iska na juye a buhu na lulluɓe da tsohon zane, na ɗora wa maigidana a babur tun rana ba ta yi zafi ba. Na sa ya maimaita saƙon a gabana: yau za a shuka, kada ya ga rana, kada a sa masa komai. Ya dawo kafin azahar ya ce ya faɗa wa Yaya baki da baki, Yaya ya ce to.

Ɗan abin da ya maƙale a gindin ƙwarya ban zubar ba. Akwai wani lungu a bayan madafata inda nake watsa ruwan wanke-wanke da ruwan toka da ragowar jiƙon kanwa tun zuwana gidan nan. Shi ma ya yi fari, ko ciyawa ba ta son sa. Na sassare shi da fartanya, na zuba kashin awaki, na yi 'yar kunya na shuka. Baƙin irin ya ƙare kunyar ba ta ƙare ba, sai na cike sauran da farin irin da ya rage a mudu, wanda hodar ba ta taɓa ba. Na daina zubar da ruwa a wurin.

Kwanaki suka wuce, na kira matar Yaya in ji ko ya tsiro. Muka gaisa, muka taɓa hirar wata haihuwa, sannan na tambaya.

“Ai Gwaggo, shekaranjiya aka shuka.”

“Shekaranjiya? Ba ranar da aka kawo ba?”

“A'a. Yayanki da ya buɗe buhun ya ga waken da danshi, ga baƙi-baƙi, ya ce fumfuna ce ta fara kama shi. Ya ce dama baƙon iri ba ya shiga gonar Baba sai ya sha rana ya sha toka. Ni ya sa na hau tsani na baza shi a kan kwano. Wallahi ya bushe ƙayau, har ƙara yake. Da muka sauke na murje shi da toka, baƙin nan duk ya fita, ya yi tas.”

Tana faɗa tana jiran in yi mata sannu da aiki. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A kan kwano! Kwanon da in ka ɗora ƙwai da rana sai ya dahu. Na ce mata, “Maigidana bai faɗa muku ba?” Ta ce ya faɗa, tana tsaye ma. Ta ce da ya tafi Yaya ya ce maganar mata ce da ta rediyo.

Al'adar nan gaskiya ce, ba ƙirƙirarta ya yi ba. Baba ba ya shuka irin da aka sayo a kasuwa sai ya shanya shi ya murje da tokar murhu, saboda kada ya shigo masa da ƙwari. Na sha yin wannan murzar da hannuna ina yarinya. Amma abin da ya ƙona mini rai, duk cikin abubuwan da Baba yake yi, wannan kaɗai Yaya ya riƙe. Bai riƙe mangalar taki ba. Bai riƙe hutar da ƙasa ba. Bai riƙe karkaɗe saiwa a gona ba. Shanya da toka, wanda ba ya cin gumin kowa sai na matarsa, shi ne ya zama wasiyya.

Maigidana ya ce in yi haƙuri, mai yiwuwa wasu sun tsira. Na ce masa in an gasa kindirmo a kasko a kawo mini in ga wanda zai ɗaura nono da shi. Ya ce to Allah ya kyauta, ya ɗau butarsa ya fita. Haƙurin maza a kan abin da ba nasu ba, arha gare shi.

Nawa na bayan madafa ya tsiro. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya zama abin kallo ba. Shi ma gefen ganyensa na ƙasa ya ɗan ƙone, kuma bai kai na gonakin kirki tsayi ba. Amma yana tsaye, kore shar, yana ƙara ganye, har ya fara fure. Na ƙarshen kunyar kuwa, farin irin, a ƙasa ɗaya da taki ɗaya, ya fito rawaya-rawaya ya tsuke, kamar yaron da aka yaye da ciwo. Duk wanda ya shigo gidan sai na ja shi lungun nan ya gani, har masu sayen awara suka fara gudun tsayawa.

Daga Beli labari ya zo cewa na gona ya fito jefi-jefi kuma ya yi rawaya. Yaya da ya ga haka sai ya sayo takin zamani ya zuba masa a gindi da yawa, wai ya taimake shi. Ƙasar da gishiri ya riga ya ishe ta. Cikin 'yan kwanaki yabanyar ta zama kamar an bi ta da wuta.

Ranar na rufe tukunyar awara. Na tuge guda daga nawa da ƙasarsa, na naɗe saiwar a jiƙaƙƙen tsumma, na sa hijabi na ce maigidana ya kai ni. Muka biya ta gona na tugo guda daga na can, bai ma yi gardama ba, ɗan ja kaɗan ya taho.

Yaya yana dakali da abokansa. Na wuce ciki na aika a kira shi, don ban zo in kunyata shi a gaban mutane ba. Ya shigo, muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ban rage ko ɗaya ba. Sannan na shimfiɗa su biyun a kan faifai. Nawa saiwarsa doguwa, ga gashi, ga gudaji sun yi mata cincirindo kamar ƙwayar dawa. Na sa farce na fasa ɗaya, cikinsa ja-ja kamar jar gwaba. Na gona kuwa saiwar guntuwa, ta yi duhu, sumul ba gudaji ko ɗaya.

“Yaya, dubi. Iri ɗaya ne, ƙwarya ɗaya. Wannan a lungun da nake zubar da ruwan kanwa ya fito.”

Ya kalla daga tsaye, bai sunkuya ba. “Waken bayan ɗaki daban, na gona daban. Ke kina da kunya guda kina yi mata tsarki safe da yamma.”

“Ba tsarki ba ne. Kai ka gasa naka a kan kwano.”

“Na gasa? Gyara shi na yi. Kin aiko mini da jiƙaƙƙen iri mai baƙin datti, in zuba shi haka a gonar Baba?”

“An faɗa maka mai rai ne.”

“Mai rai! Kin ga ya motsa? Auta, ke fa ko kunya ɗaya ba ki taɓa huɗawa ba. Kin zauna a bayan bango kin tsinci magana, za ki koya mini shuka, ni da na yi noma da Baba tun ba a haife ki ba?”

Na ce, “Baban ne ya koya maka ba ta ruwan zartsi?”

Matarsa ta saki muciya. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana irin wannan ba, kuma har yanzu da nake ba ka labari ban ji na yi nadama ba.

Ya ce, “To ki ji. Na riga na ba masu tifa baki. Suna jiran ƙasa ta tsane ne kawai.”

“Yaushe?”

Matarsa ce ta sunkuyar da kai, daga nan na gane ba jiya ba ne ba kuma shekaranjiya ba. Damina ko rabi ba ta yi ba. Wato lokacin da nake tsaron iri a ɗaki ina korar kaji, lokacin da nake tara kashin awaki kwando-kwando, mai yiwuwa magana ta riga ta ƙare. “To” ɗin da ya ba ni irin wanda ake ba yaro ne don ya daina kuka. Da ya ce mini a'a tun farko, da na san da wa nake yi. Na kwashe wakena daga faifai, na ce a gaida yara, na fito. Ruwan da matarsa ta kawo mini ma ban sha ba.

Ba haushin Yaya kaɗai nake ji ba. Da kaka ta yi, mazan garinmu da suka yawata da ledojinsu a hula da aljihu suka taru a zaurenmu suka yanke hukunci cewa baƙar hodar nan yaudara ce. Ina jin su ta bango. Maigidana ya ce ya ga irinta a kasuwar Karaye an baza a faranti a rana, kusa da maganin ɓera, mai sayarwa yana kiran ta sabon taki. Shi ma malamin gonar, Allah ya saka masa, amma ya zo da abin da sai an lallaɓa shi kamar ɗaurin nono, ya miƙa wa waɗanda ba su taɓa ɗaura nono ba, mu da muka san yadda ake rufe daddawa a ɗaki a jira ta muna bayan bango. Ko sau ɗaya bai ce a shiga da shi cikin gida ba.

Ruwa na ɗaukewa katafila ta shiga. Ban je na gani ba, ba zan iya ba. Matar Yaya ce take kirana a ɓoye tana gaya mini inda aka kai. Ta ce ramin ya fi tsayin mutum, har ruwa ya fara tsatsafowa. Abin da ya rage shi ne gefen gabas, wajen wata tsamiya da ke bakin gonar, wani siririn yanki da suka bari saboda nan ne hanyar da motocinsu ke bi. Sun ce in sun gama da tsakiya za su cinye shi su fita.

Na sa maigidana ya nemo malamin gonar ya tambaye shi ko wannan yankin zai gyaru. Bai ba mu tabbas ba. Ya ce tifa ta danne ƙasar, gishirin kuma yana nan. In an dage da takin dabba da wake mai hodar nan, an bar ruwan sama yana wankewa, ana iya ganin sauyi cikin wasu shekaru, ana kuma iya shan wahalar banza. Na gode masa da bai yi mini daɗin baki ba.

Yankin nan da za a auna, bai fi kasona na mace ba, ƙila ma bai kai ba. Hanya ɗaya ce ta hana katafila taɓa shi: in je gaban dagaci in ce a raba gado, a fitar mini da nawa a wajen tsamiya. Maigidana ya ce in na yanke shawara zai raka ni, wannan karon bai ce in yi haƙuri ba. Amma maganar ta riga ta isa Beli. Yaya ya aiko a gaya mini cewa ranar da na tsayar da shi a gaban dagaci, ranar ce ƙafata ta ƙarshe a gidansa, ko gawarsa kada in zo. Ba ni da uwa ba ni da uba, ba ni da wani wanda muka sha nono ɗaya sai shi. In na yi shiru, zumunci ya zauna, in ci gaba da durƙusa masa ina gaishe shi kamar ba abin da ya faru. In na yi magana, in sami 'yar ƙasar da ba wanda ya yi mini alkawarin za ta sake ba da ko tiya guda.

Matar Yaya ta kira ɗazu ta ce sun fara juyo da kan katafilar gabas.

Kai da ka zauna ka ji duka, in kai ne, gobe da safe za ka sa takalmi ka tafi gidan dagaci, ko za ka bar su su kwashe?